Furen fadama a ƙasar kwazazzabai: yadda ake gane shi



Garin Mowab da ke jihar Yuta ta Amurka yana samun ruwan sama wajen milimita 230 a shekara, bai ko kai rabin abin da Kano ke samu ba. Jan dutse ne ko'ina, da kwazazzabai masu zurfi. Amma a nan ne ake samun wani fure na dangin okid wanda ba ya rayuwa sai saiwarsa na cikin danshi. Dangin okid ba baƙo ba ne gare mu: banila da ake sa wa kek daga cikinsu take, kuma jinsunansu sun haura 25,000.

Kafin fure, a fara gane wurin. Dutsen yankin, wanda ake kira dutsen yashi na Nabaho, yana shan ruwa kamar soso. Ruwan yakan yi ta nutsawa har ya ci karo da shimfiɗar dutse mai tauri da ba ya iya ratsawa, sai ya karkata gefe, ya tsatsafo a jikin gaɓa. Yau da gobe tsatsafon nan ya ci dutsen, ya yi kogo mai inuwa, tsirrai su maƙale a bango suna reto. Wanda ya taɓa zuwa Timiya a duwatsun Azbin ya san yadda ido ke hutawa in ya yi kiciɓis da ruwa a tsakiyar hamada.

Furen da nake nufi shi ne Platanthera zothecina. Masana biyu, Higgins da Welsh, su suka bayyana shi a 1986 da sunan Habenaria zothecina, daga baya aka mayar da shi cikin Platanthera. Kalmar zotheca tana nufin ɗan lungu a jikin ɗaki, wato kogon nan ne ya ba shi suna. Ana samunsa a Yuta da Arizona da Kolorado, yana fure daga Yuni zuwa Agusta.

 Kada ku sa ran ganin ƙawa. Furannin ƙanana ne, kore-kore masu ɗan fatsi-fatsi, jefi-jefi a jikin kara. Kowanne yana da leɓe siriri da ya zubo ƙasa, a bayansa kuma akwai ɗan bututu kamar ƙaho, inda ruwan zaƙi ke taruwa. Duk maganar tana kan wannan ƙaho. Ɗan'uwansa Platanthera sparsiflora, kamar an tsaga kara, shi ma yana bin rafukan yammacin Amurka, sai dai ƙahonsa kusan tsawo ɗaya yake da leɓen. Na zothecina kuwa yakan kai ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na leɓen. Sai a durƙusa a cikin taɓo, a ɗora rula, a auna furanni uku ko huɗu da suka buɗe sosai, domin ƙaramin fure yakan yi ƙarya. Sannan a duba ganye: na zothecina sun fi taruwa a gindi, masu faɗi, bakinsu a dunƙule.

In kuwa furen ya fi girma, ruwan ƙasa-ƙasa da jan jijiya, kuma babu ƙaho sam, wannan Epipactis gigantea ce, maƙwabciyarsu a kogo ɗaya.

Shi ya sa nake yi wa ɗalibaina faɗa in sun turo mini hoton tsiro daga nesa suna neman suna. Hoton da bai nuna furen daga gefe ba, da rula a kusa, ɓata lokaci ne.

Akwai masu son tuge zothecina su kai gida. Ba zai yi ba. Irinsa kamar ƙura yake, ba shi da guzurin abinci, ba ya tsirowa sai wani naman gwari na cikin ƙasa ya ciyar da shi. Ƙasar kogon kuma siririya ce, sawu ɗaya na iya zaftare ta. A auna, a ɗauki hoto, a koma ta kan dutse.