Saura ƙiris ya kai fansho, sai nakiya ta tashi

Iyayenmu da ke zaune a gaba, ina gaishe ku da girmamawa. Matasa, musamman ku da kuka taso daga Damagaram da Magaria da Dungass kuka zo nan Kwaya, sannunku da hanya.

Akwai ɗan baffana, Yaya nake ce masa. Ya shiga soja tun ina lakwal ƙarami. Ya yi arewa, ya yi gabas, mu dai sai mu ji an ce an sauya masa wuri. Wata rana a yankin Diffa motarsu ta taka nakiya. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ƙafar hagu ba ta koma daidai ba. Lokacin saura shekara ɗaya da 'yan watanni ya cika shekarun da ake samun fanshon aiki.

Bayan ya fito asibiti, wani a wani ofishi ya miƙa masa takarda ya ce: "Sa hannu kawai, a ba ka kuɗinka ka je gida ka huta." Matarsa ce ta kira ni da dare, ta ce: "Ƙanena, yayanka zai sa hannu a abin da bai karanta ba." Wallahi ban yi barci ba. Muka samu wani tsohon saje da ya yi ritaya ya duba takardar. Ya ce wa Yaya: "Kar ka taɓa biro sai an faɗa maka abin da za ka rasa."

To me zai rasa? A tsarin da muka gada daga Faransa, kuɗi iri biyu ne. Akwai fanshon aiki, wanda shekarunka suke ba ka. Akwai kuma na rauni, wanda likitoci ke auna naƙasar da ka samu su ce kashi kaza ce cikin ɗari. In aka sallame ka kafin shekarunka su cika, abin da za ka ci nan gaba ya rataya kan wannan lamba da aka rubuta a rana ɗaya. In lambar ta yi ƙasa, shi ke nan. Ga mutum mai 'ya'ya biyar, da ƙafar da ba ta iya bin garma, kun san abin da hakan ke nufi a garin da kowa ke ci daga gero da gyaɗa da riɗi.

Irin su Yaya suna da yawa. A Inates, ranar 10 ga Disamban 2019, sojoji 71 suka rasu, 12 suka ji rauni. A Chinagodrar, 9 ga Janairun 2020, mun rasa 89. Kusa da Koutougou, a watan Agustan 2023, 17 suka rasu, 20 suka ji rauni. Waɗanda suka rasu an yi musu zaman makoki, an sassauto tuta, Allah ya jiƙansu. Amma su 12 ɗin nan da 20 ɗin nan fa? Wa ya sake tambayar labarinsu a cikinmu? Har da ni mai magana, sai da abin ya shigo gidanmu na farka.

Ku dubi Amurka, da duk kuɗinta. Can sai soja ya yi shekara 20 yake samun cikakken fansho. Suka ga ana iya zaluntar mutum a bakin ƙofa, sai suka yi doka: wanda ya kai shekara 18, ba a korarsa haka kawai, a bar shi ya cika 20. Amma dokar tana da kafa, don ana iya sallamar mutum ta hanyar rashin lafiya. In bai kai shekara 20 ba, kuma aka ce naƙasarsa ba ta kai kashi 30 cikin ɗari ba, kuɗin sallama ake ba shi sau ɗaya, babu fansho. A 2007 jaridar Washington Post ta tona halin da sojoji masu rauni ke ciki a asibitin Walter Reed. Surutu ya yi yawa, har a 2008 aka kafa kwamiti na musamman don sake duba waɗanda aka sallama da kashi 20 ko ƙasa da haka tun daga 2001. Kun ga, gyaran ya zo ne da 'yan jarida da iyalai suka ƙi yin shiru.

Mu ma kakanninmu sun ɗanɗana. Mazan jiya da suka yi wa Faransa yaƙi, a 1959 aka daskarar da fanshonsu, na Turawan da suka kwana rami ɗaya da su yana ta ƙaruwa. Sai a 2010 kotun tsarin mulkin Faransa ta ce wannan bambanci ya saɓa doka, aka daidaita daga 2011. Shekara hamsin da ɗoriya. Nawa ne suka rage da rai lokacin? In mun zagi Nasara kan wannan, bai kamata mu yi wa namu 'ya'yan makamancinsa da hannunmu ba.

Labarin Yaya ya ƙare da daɗi, alhamdu lillahi. Wani babbansa mai tsoron Allah ya tsaya masa, aka ba shi aikin kula da sito, yana zaune yana lissafin kaya, har kwanansa suka cika. Sai dai abin da ke damuna ke nan. Kirkin mutum ɗaya ne ya cece shi. Da an sauya wa wannan babban wurin aiki wata biyu kafin nan fa? Haƙƙin wanda ya ba da ƙafarsa bai kamata ya dogara da sa'ar shugaban da ya samu ba.

Saboda haka abu uku muke roƙon hukumomi, cikin ladabi. Na ɗaya, ƙa'ida a rubuce: wanda ya ji rauni a bakin aiki yana dab da fansho, a ba shi aikin da jikinsa zai iya, sito ne, rediyo ne, koyar da kurata ne, ko kuma a lissafa masa shekarun da suka rage kamar ya yi su. Na biyu, in bai yarda da lambar da likitoci suka ba shi ba, ya samu inda zai kai ƙara, wasu likitocin su sake dubawa. Na uku, a bayyana wa kowane kurtu haƙƙinsa da harshen da yake ji, Hausa ko Zabarmanci ko Barbarci, tun ranar da ya sa kaki. Tun Oktoban 2023 akwai asusun FSSP da 'yan ƙasa ke zuba wa kuɗi don tallafa wa jami'an tsaro. Mu da ke zubawa muna da bakin tambayar kason masu rauni a ciki.

Ku kuma matasa, aikinku yana nan. Ku ne kuka yi boko, ku ne masu waya. In kuna da ɗan'uwa a soja, ko jandarma, ko gardi, ku ce ya adana kowace takarda: ta asibiti, wadda ta nuna a bakin aiki ya ji raunin, da ta ranar da ya shiga aiki. Ku ɗauki hotonsu ku ajiye. In an kawo takardar sa hannu, ku karanta masa ita layi-layi, in ba ku gane ba ku nemi tsohon soja. Kuma don Allah kada ku baza hotunan masu rauni a Facebook don neman tausayi, mutuncinsu ne.

Kafin ku koma birni, ku tambayi mai gari gidajen da ke da soja mai jinya a nan karkara, ku je ku gaishe su. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.