Cocin Ƙasa na Wusasa: Abin da Maginin Hausa Ya Bari

Daga nan Ƙofar Dundaye cikin birnin Sakkwato nike magana da ku, amma yau Zazzau za mu leƙa.

Wani mai saurare ya aiko da tambaya. Ya ce ya ga hotunan wata majami'ar 'yan Metodis a Landan, tagoginta duk gilashi mai launi, shin mene ne amfaninsu? To, wannan ginin John Wesley ne ya gina shi, aka buɗe shi a 1778. Al'adar gilashin kuwa ta girmi ginin nesa ba kusa ba. A can da, yawancin mutanen Turai ba su iya karatu ba, sai a zana musu labarin littafinsu a jikin taga. Rana ta haska, kowa ya gani ya fahimta. 'Yan Metodis ɗin sun iso Badagiri a 1842 tare da Thomas Birch Freeman.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina yana nan gida. A Wusasa, gefen Zariya, akwai cocin St. Bartholomew na ɗariƙar Angilika, wanda aka gina a 1929, lokacin da mishan ɗin da Dokta Walter Miller ya kafa ya tashi daga cikin birni ya koma can. Ba a gina shi irin na Ingila ba. Ginin ƙasa ne irin namu, aikin maginan Hausa.

Ku duba yadda ake wanga gini. A kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a cura tubali, a shanya shi a rana. A ɗora bango mai kauri. Azara kuma daga giginya ake tsago ta, don gara ba ta cin ta da sauƙi. Da azarar nan ake ɗaure bakan gizo, a lanƙwaso shi daga bango zuwa bango, ya ɗauki nauyin rufi. Taga kuwa, maginin Hausa ƙarama yake yin ta, kuma can sama, don haske ya shigo, zafi ya tsaya waje. Ka ga ke nan, Bature ya faɗaɗa taga don rana ta yi masa ƙaranci, mu mun tsuke ta don rana ta yi mana yawa. Kowa da irin kiwon da ya karɓe shi.

Wanga gwaninta fa ba a Wusasa ta fara ba. Kusan shekara ɗari kafin nan, Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da irin wannan bakan gizo. Hannu ɗaya, sana'a ɗaya, masu ibada daban. Kuma a Wusasar nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, Farfesa Ishaya Audu ma ya yi karatu a makarantarta.

To jama'a, mu dawo gida. Ina ganuwar da aka kewaye Sakkwato da ita zamanin Muhammadu Bello? Sunayen ƙofofi ne suka rage mana: Dundaye, Kware, Rini, Marke, Taramniya da sauransu. Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin damina. In aka bar shi, ruwa ya cinye shi, mu ce ya tsufa, mu kawo bulo da kwano, sannan mu kwana muna fifita cikin watan Afirilu.

Roƙona ɗaya ne. In akwai tsohon magini a unguwarku, ku tai ku gaishe shi, ku tambaye shi yadda ake ɗaurin guga, ku ɗauki muryarsa a waya. In ya tafi da abin da ya sani, ba kasuwar da za mu sayo shi.

Ku rubuto mana sunan tsohon soron da ya rage a unguwarku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.