Daga Gadon Asibiti Zuwa Zauren Gida: Horar da Ɗaliban Jinya a Ali Kazaure, Jos



Gabatarwa

Ɗalibin jinya da ke horo a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko a kwalejin jinya ta Vom, ya saba ganin mara lafiya bayan ciwo ya ci ƙarfinsa. Gidan da ciwon ya taso kuwa bai san shi ba. Tun 1978 taron Alma-Ata ya nemi a kai kiwon lafiya inda jama'a suke, kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ɗora Najeriya kan wannan turba bayan ya zama ministan lafiya a 1985. Shawarata ita ce a bai wa kowane ɗalibi 'yan gidaje a mazaɓar Ali Kazaure, ya riƙe su har ƙarshen zangonsa, a daina ziyarar yini guda.

Hanyar shiga

Da ɗan gari akan ci gari. A fara da mai unguwa, limamai da kwamitin raya mazaɓa. Ɗalibai mata su shiga cikin gida wurin matan aure, maza su tsaya zaure da majalisa. Tun rikicin 2001 unguwannin Jos suka rarrabu, har wani ɗalibin bai taɓa taka wannan shiyya ba. Idan mai unguwa ya gabatar da shi, tsoro zai ragu ta kowane ɓangare.

Ayyukan da suka dace

Na farko, awon yara. Ɗaliba ta zauna kan tabarma, ta naɗa tef ɗin awo a damtsen yaro. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani, sai a tura shi asibiti nan take. Ta duba katin rigakafi, ta tambayi dalilin tsallake allura ba tare da faɗa ba. Sau da yawa zazzaɓin da ya biyo bayan allurar farko ne ya tsorata uwa.

Na biyu, masu ciki da masu jego. A haɗa ɗaliba da ungozoma, ta ji yadda ake wankan jego da shan kunun kanwa, sannan ta koyar da alamun haɗari: kumburin fuska da ƙafa, zubar jini, haki.

Na uku, ruwa da muhalli. Ambaliyar Yulin 2012 a unguwannin Rikkos da Gangare ta nuna irin ɓarnar da ruwa ke jawowa. Ɗalibi ya duba tazarar rijiya da masai, ya nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Da hunturu, ya gargaɗi masu kwana da garwashi a rufaffen ɗaki.

Na huɗu, gwajin hawan jini a ƙofar masallaci, da faɗakarwa kan gwajin sikila kafin aure.

Kammalawa

Kada a aika ɗalibi ba malamin da zai sa masa ido, ko ba asibitin unguwa da zai karɓi waɗanda ya turo. Maki kuma kada ya tsaya kan cika takarda. A tambaye shi: yaron da ka tura, ya je? Ya murmure? Ina roƙon makarantunmu su zauna da shugabannin Ali Kazaure su tsara wannan kafin zango mai zuwa.