Bauri cikin abincin bisashe: yadda ake auna shi da haske



Ga mu cikin rani, ciyawa ta zama kara. Kowa ya koma bisa angurya, tunkuza, dusa, ƴaƴan gawo da na bagaruwa. Abin da muke nema cikinsu shi ne furotin, wato abin gina jiki, mai sa nama da nono. Tunkuzar gyaɗa tana da shi kusan kashi 45 cikin ɗari, angurya kashi 20 da ɗoriya, ƴaƴan gawo kashi 10 zuwa 12. Amma ba duk furotin ɗin da ke cikin buhu ke shiga jikin bisa ba. Akwai abin da ke tare shi a hanya. Shi na zo mu yi magana a kai yau.

Kowa nan ya san aikin majema. In an kawo musu fatar jar akuya ta Maradi, da me suke jeme ta? Da bagaruwa. Baurin da ke cikin bagaruwa shi ke kama fata ya ɗaure ta, har ta daina ruɓa. To ita fata furotin ce. Abin da bauri ke yi wa fata cikin kwatarniyar majemi, shi yake yi wa furotin ɗin abinci cikin tumbi. In ya ɗaure shi da yawa, ƙwayoyin da ke narka abinci ba su iya taɓa shi, sai ya fita cikin kashi. Kun biya kuɗi, taki ya ci riba.

Masana suna kiran wannan bauri tanen. Shi kuma ɗaya ne cikin wani babban dangi da ake cewa fenol, wanda itace ke yi don kare kansa daga ƙwari da bakin bisashe. Yana cikin sabara, kalgo, geza, da wasu irin jar dawa da tsuntsu ba ya so. Kaɗan daga gare shi ba laifi ba ne: in tanen mai kama furotin bai wuce kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari na busasshen abinci ba, yana ma rage kumburin ciki. In ya haura kashi 5, bisa ta fara rage ci, narkewa ta ragu. Akuya ta fi tunkiya da saniya jimre masa.

Angurya kuma tana da nata ɗan dangin, sunansa gosifol. Ku fasa ƙwara guda ku duba, za ku ga ɗige-ɗige baƙaƙe. Nan yake zaune. Babbar saniya tumbinta yana kashe kaifinsa. Amma maraƙin da bai fara tuƙa sosai ba, da ɗan tunkiya, da kaza, ba su da wannan kariya. Yana lalata zuciya da hanta, yana rage ƙarfin haihuwar bijimi, yana ɓata kalar gwaiduwar ƙwai. Don haka a ƙasashen Tarayyar Turai doka ta yarda da miligiram 500 cikin kilo na abincin manyan shanu, amma 20 kaɗai cikin na kaji masu ƙwai.

Wata shekara an kira ni wani gida inda maruƙa biyu suka faɗi cikin mako ɗaya, ana cewa sammu ne. Da na leƙa komi, na tarar ana zuba angurya wuri guda, manya da ƙanana suna ci tare. Mai gidan ya sayar da rago ya sayi wannan angurya don ya ceci dukiyarsa. Ba wanda ya taɓa gaya masa.

To ƙaƙa ake sanin yawan abin da ido ba ya gani? Ku tuna da shayi. Ɗaga kofin farko ka kalli rana ta cikinsa, haske ba ya wucewa sai kaɗan. Ɗaga na uku, haske yana ratsawa. Tun ba ka kurɓa ba ka san wanda ya fi bauri. Abin da na'urar ɗakin bincike ke yi ke nan, sai dai ita tana ba da lamba. Sunanta sipektirofotometir, mu ce mata na'urar awon haske.

Ga yadda aikin yake. A busar da samfuri, a niƙa shi lilis, a ɗebi miligiram 200, abin da bai kai tsunkulen gishiri biyu ba. A jiƙa shi cikin aseton da aka sirka da ruwa, fenol ya fito ciki. A ɗiga wani ruwan magani da masana biyu, Folin da Ciocalteu, suka haɗa a 1927, a ƙara wani gishiri ɗan'uwan kanwa. Sai ruwan ya koma shuɗi kamar na marina. Yawan fenol, yawan duhun shuɗin. A zuba cikin ƴar kwalba a sa cikin na'ura. Ita tana raba haske launi-launi kamar bakan gizo, ta zaɓi ja guda, mai tsawon nanomita 725, ta harba shi ta cikin kwalbar, ta auna abin da ya fita ɗaya gefen. Abin da ya ɓace, shuɗin ne ya shanye. Sannan a gwada lambar da ta wasu kwalabe da aka riga aka san yawan tanen ɗinsu, kamar yadda ake gwada sabon kwano da tiya ta gaskiya.

Amma wannan magani yana shuɗi da duk fenol, har da wasu abubuwa irin bitamin C. Shi ya sa ake awo sau biyu. Karo na biyu ana zuba wani farin gari mai suna PVPP, wanda ke kama tanen kamar yadda fata ke kama shi, a tace, a sake aunawa. Bambancin awon farko da na biyu shi ne tanen. Shi kuwa gosifol da wani magani daban ake gano shi, anilin, ruwan ya yi ɗorawa, a karanta wajen nanomita 440. Hanyoyin awon tanen suna cikin littafin da hukumar FAO da hukumar nukiliya ta duniya suka fitar a 2000 domin ɗakunan bincike.

Akwai kuma na'urar NIRS, mai aiki da hasken da idon mutum ba ya gani. An fara gwada ta kan ciyawa a Amurka a 1976. Ba jiƙo, ba magani: a haska garin, cikin minti guda ta ba da amsa. Amma sai an fara koya mata da samfura masu yawa da aka auna ta hanyar farko. In da ciyawar Turai aka koya mata, aka ba ta sabara, ƙarya za ta faɗa.

Yanzu rabonku. Awo ba ya fin samfuri kyau. In za ku kawo, ku ɗiba daga buhu da yawa, sama, tsakiya da ƙasa, ku gauraya, ku fitar da rabin kilo. Ganye da ƴaƴan itace a inuwa ake shanya su, don zafi mai yawa yana sa tanen ya manne, awo ya fito ƙasa da gaskiya. Ku ƙulle cikin takarda ko ƙyalle, ban da leda. A rubuta sunan itacen, garin, da watan da aka ɗiba, don baurin itace guda yana sakewa daga tofo zuwa tsohon ganye. Ku miƙa wa ma'aikacin elbaj na kusa da ku, shi zai nemi ɗakin binciken da ke da na'urar. Buhun mutum ɗaya bai kai a yi masa wannan wahala ba, amma ƙungiyar da za ta sayi tan-tan don bankin abincin bisashe, ya kamata ta nemi takardar awo kafin ta biya. Ku sani kuma wannan awo ba ya ganin dafin funfuna, tunkuzar da ta yi funfuna a zubar da ita kawai.

Kafin sakamako ya zo, ga abin da za a riƙe. Kada maraƙi ko ɗan tunkiya ya ci angurya sai ya kama tuƙa sosai, ku raba musu komi. Babbar saniya mai kilo 250, kilo ɗaya da kwata a yini ya ishe ta, a fara da kaɗan-kaɗan. Bijimin barbara a rage masa. Bagaruwa ba a ba da ita zalla, a cuɗa kaɗan cikin dusa da harawa. Jiƙa ta cikin ruwan toka ta kwana yana rage bauri. In kun ga bisa tana ci tana ramewa, kashinta ya bushe ya yi tauri, kun ba da maganin tsutsa ba sauyi, ku dubi abin da ke cikin komi.

Allah ya kai mu damina lafiya, ya albarkaci dukiya. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da uwayenmu mata.