Abin da na gani a Pantewon, da abin da nike roƙon ƙungiya

Iyayena dattawa, shugaban ƙungiya, ƴan'uwa da kunka taho daga Yamai da Kwatano da Legas, ina gaishe ku da hanya. Ni yaro ne gabanku, mushen lakwal kawai. In na yi kure a gyara mini.

Cikin 2019 anka tura mu horon malamai na sati ukku ƙasar Faransa. Wata Lahadi anka kai mu wani babban gini cikin birnin Paris, sunansa Pantewon. Sarki Luwi na 15 ya sa a gina shi don ya zama coci, aikin ya ƙare 1790. Cikin 1791, bayan juyin juya hali, anka maishe shi hubbaren manyan ƙasa. Bisa ƙofar an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ƙasa tana gode ma manyan mutanenta. Kushewun suna ƙarƙashin ginin, sai an sauka matakala. Wuri ne mai sanyi, ba ka jin komi sai takun mutane. Waɗanda ke kwance ciki sun wuce 80.

Na ga kushewar Victor Hugo, wanda anka sa mu hardace waƙoƙinsa tun muna ƙanana. An kai shi can 1885. Na ga ta Marie Curie, mace masaniya, an kai ta 1995. Amma mutum ukku sunka tsaya mini a rai.

Na farko Félix Éboué, baƙar fata, jikan bayi daga ƙasar Giyan. Shi ne gwamnan Cadi da ya bi Janar De Gaulle cikin 1940. An kai shi Pantewon 1949, rana ɗaya da Schoelcher, wanda ya yi faman hana bauta cikin 1848.

Na biyu Louis Braille, makaho, ɗan mai aikin fata, wanda ya ƙago rubutun da makafi ke karantawa da yatsa. Da anka zo ɗaukar ƙasusuwansa cikin 1952, mutanen ƙauyensu, Coupvray, ba su yarda a tafi da shi duka ba. Hannuwansa suna can ƙauye har yau. Ku ji hwa, ƙauye ya ja da babban birni don nasa!

Na ukku ba ya ciki. Mirabeau shi anka fara sa wa cikin 1791. Da anka gano yana hulɗa da sarki a ɓoye, sai anka fid da shi 1794. Ashe girman da hukuma ta ba ka, hukuma na iya amshewa.

Ina fitowa sai Lugu ta faɗo mini a rai. Cikin watan Afrilu na 1899 Sarauniya Mangu ta tsaya ma rundunar Voulet da Chanoine, nan ƙasarmu ta Arewa. Daga nan sunka wuce sunka yi ɓarna Birnin Ƙonni. Su biyun, sojojinsu ne sunka kashe su cikin Yuli na shekarar, kushewunsu suna Maijirgi, wajen Tasawa. Sarauniya kuwa duniya ta san ta saboda Abdoulaye Mamani ya yi littafi kanta cikin 1980, Med Hondo ya yi fim 1986. To maharban da sunka mutu tare da ita ran nan, wa ke iya jera sunansu yau?

Da na komo sai na jarraba ɗiyan ajina. Na tambaye su Victor Hugo, hannu ya tashi ko'ina. Na ce wa ya gina tsohuwar rijiyar unguwarmu, sai tsit. Ban ga laifinsu ba, don ni ma ban sani ba. Tsohon da ya sani, kullum ina cewa gobe in je in zauna da shi. Damanar bara Allah ya yi masa rasuwa. Wannan laifina ne, kuma shi ya tashe ni tsaye gabanku yau.

Ba na ce mu gina hubbare ba. Malamanmu ba su son gini bisa kushewa, kuma kuɗin siminti gara a sa su ga rufin aji. Abin da nike roƙo ukku ne.

Na ɗaya, a saye mana manyan kaye guda ukku: ɗaya ya zauna lakwal, ɗaya gidan maigari, ɗaya hannun magatakardan ƙungiya, don in gara ta ci wannan, wancan na nan.

Na biyu, lokacin babban hutu zan zagaya gida gida da manyan ɗiyan lakwal, mu ɗauki muryar tsofaffi da salula, mu rubuta da Hausa. Iyayena, in mun yi sallama ku buɗe mana, ku faɗa mana har abin da ba shi da daɗin ji.

Na ukku, kada littafin ya zama na gidan sarauta kaɗai. A sa maƙeri da ungozoma, da Bafillacen da ya yi mana kiwo, da malamin da ya fara buɗe makarantar allo, da wanda ya ciyar da maƙwabta shekarar yunwa ta 1984. Wanda kakansa ya yi bori a rubuta haka nan, kada a goge. In Faransa ta kwantar da jikan bayi da makaho kusa da manyanta, mu ba mu da hujjar tsallake kowa.

Ku ƴan cin rani, ɗiyanku da anka haifa bakin teku wata rana za su tambaye ku daga ina kunka fito. Kowa ya ba da abin da ya samu, ko dala ashirin ce. Magatakarda na zaune bakin ƙofa da takarda.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ja kwanan dattawanmu, ya maishe ku gidajenku lafiya. Wassalamu alaikum.