Laccar Wata: Yadda Dukiya Ke Bin Sawun Masu Ƙaura

'Yan'uwa masu sauraro, maudu'inmu na yau shi ne shige da ficen jama'a a cikin gunduma guda, da abin da yake haifarwa ga arzikinta. Za mu buga misali da gundumar Wayne ta jihar Michigan a ƙasar Amurka, wadda birnin Detroit yake cikinta.

A shekarar 1914 kamfanin motoci na Ford ya mai da ladan ma'aikaci dala 5 a yini. Nan da nan jama'a suka yi ta kwararowa: baƙaƙen fata daga kudancin ƙasar, Turawa daga Poland, Larabawa daga Lebanon da Yaman. A ƙidayar 1950 mutanen Detroit sun haura miliyan 1.8.

Daga nan sai al'amari ya juya. Masana'antu suka fara tashi, aka shimfiɗa manyan hanyoyi zuwa bayan gari, sannan tarzomar 1967, wadda ta ci rayuka 43, ta ƙara ingiza masu hali zuwa maƙwabta. Gundumar Oakland, mai mutum kusan 400,000 a 1950, ta wuce miliyan 1.2 a 2020. Ita kuwa Wayne ta sauko daga kusan miliyan 2.7 a 1970 zuwa kusan miliyan 1.8, Detroit kuma ta koma 639,000.

Abin lura a nan, jama'a, shi ne su wane ne suka tashi. Mai ƙaura yakan tafi da albashinsa, da cinikin da yake yi wa 'yan kasuwa, da harajin gidansa. Ko da ya ci gaba da zuwa aiki Detroit, rabin harajin albashi na mazaunin birni kawai yake biya. Wanda ya rage shi ne tsoho da talakan da ba shi da kuɗin tashi, alhali tituna da bututun ruwa ba su ragu ba. A 2013 birnin ya kai kansa kotu da bashin kimanin dala biliyan 18, aka zabtare fanshon tsofaffin ma'aikata.

Saboda haka muna kira ga shugabanninmu: kada ƙidayar kawuna ta ishe su. Su riƙa tambaya, wa ya shigo, wa ya fita, kuma me ya kore shi? Lalle aiki da tsaro da adalci su ne ke zaunar da mutum a gari.