Jawabi Ga Manoman Rani Na Ƙasar Bagudo: Lambun Mai Tuwo



Duk wanda ya bi hanyar Ka'oje zuwa Tsamiya, bakin iyakar Benin, ya san matan da ke sayar wa direbobi da fatake abinci. Ɗaya daga cikinsu tana da ɗan lambu bayan rumfarta, kusa da rijiya. Kwanan baya wasu manoma suka kai mata ziyara.

Sun tarar da tumatir, tattasai, albasa da alayyahu. Abin lura, ba ta shuka su rana ɗaya. Fangali guda yau, wani bayan mako 2. Dalili kuwa, tukunya kullum take neman kayan miya, amma kaɗan-kaɗan. Tumatirin da ya nuna gaba ɗaya, ko ya ruɓe, ko a sayar da shi a wulaƙance.

Rarar da ta samu a watan Maris takan yanka ta shanya bisa tabarma, don gudun yashi. In damina ta faɗi, ɗanyen tumatir ya yi tsada, sai ta ɗauko busasshe.

Saboda haka, mai lambu a fadamar Kwara da ke son ciniki da gidan abinci, ya tambayi mai girki abin da take buƙata kowace rana kafin ya zuba iri.